Wasiƙa Zuwa Ga Murhun Gas Na Ɗakin 'Yan Tsaki

Zuwa ga murhun gas da ke rataye a ɗakin rainon 'yan tsakina,

Da fatan ka huta, don tun da muka fitar da zubin baya kake rataye babu wuta a cikinka. Dalilin wannan takarda shi ne ranar Alhamis motar Ibadan za ta sauke mini kwali goma, kowane kwali 'yan tsaki hamsin da ɗaya na gyara, ga shi kuma hunturu ya kankama, hazo ya rufe gonakin da ke bayanmu har ba a hango bishiyoyin hanyar Shika. Gobe za a kunna ka. Kafin nan ina so mu yi wata magana da ya kamata a ce mun yi tun ranar da na ɗauko ka daga kasuwa, shekara huɗu ke nan.

Zan fara da alherinka. Kafin zuwanka da gawayi nake raino. Kurfoti huɗu, kowanne an kewaye shi da bulo kada 'yan tsaki su faɗa. Duk bayan awa biyu sai wani ya tashi ya ƙara gawayi, ya fifita a waje har hayaƙin ya lafa, sannan ya shigo da shi. In barci ya sace mutum tsakanin ƙarfe biyun dare da assalatu, da safe a tarar sun hau kan juna a lungu, na ƙasa sun mutu. Na gwada ƙwan lantarki, aka ɗauke wuta a daren farko. Na gwada risho, ɗaki ya cika da warin kananzir har idanun 'yan tsakin na zubar da ruwa. Da ka zo sai ɗumi ya daidaita daga magariba har hantsi, mace-macen makon farko suka ragu, ni ma na san barcin dare a lokacin raino.

Aikin da kake yi aikin uwa ne. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya kai kamar mako biyu, gashin gaske ya fara maye gurbin audugar da ya fito da ita. A tsakar gida uwarsa ke ɗauke masa wannan nauyi: zafin jikinta ya kai digiri 41, in ta buɗe fikafikai sai su shige su yi luf. Waɗanda ke zuwa mana a kwali ba su taɓa ganin uwa ba. Inji ne ya ƙyanƙyashe su, suka kwana a hanya. A makon farko suna son zafin digiri 32 zuwa 35 a ƙarƙashinka, sannan a riƙa rage kamar uku kowane mako. Duk wannan na san shi, na rubuta shi da alli a jikin ƙofa. Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya gaya mini, shi ne kai ma numfashi kake yi, kuma daga ƙwarya ɗaya kuke shan iska da su, da duk wanda ya shimfiɗa tabarma kusa da kai.

Ka tuna daren, don kana nan. Cikin Janairun shekararmu ta biyu ne, sanyi ya yi tsanani har ruwan randa ba ya taɓuwa. Gas ya yi tsada, ina ta lissafin kwana nawa tukunya za ta kai ni. Na ce wa ɗan wana da ke taya ni aiki, yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai a lokacin, ya sauke tamfol ya toshe duk inda iska ke shigowa. Yaron kirki ne, in an sa shi aiki sai ya yi har da ƙari. Ya samo leda ya like tazarar da ke tsakanin bango da kwano, ya cusa buhu a ƙarƙashin ƙofa, sannan ya kwanta a ciki, don ni na ce ya kwana yana lura da su.

Bayan sallar asuba na nufi ɗakin. Tun daga nesa gabana ya faɗi, saboda shiru. Ɗakin da ke da 'yan tsaki ɗari biyar ba ya yin shiru. Na tura ƙofa, wani ɗumi mai laima ya buge ni a fuska, ruwa na ɗiga daga kwano kamar an yi yayyafi a ciki. 'Yan tsakin na kwance warwatse, wasu sun miƙe wuya suna buɗe baki, wasu ba motsi. Yaron na zaune ya jingina da bango, ya yi amai a gefen tabarma. Ya ɗago da ƙyar ya ce, "Gwaggo, kaina kamar zai rabe biyu, kuma ƙafafuna sun ƙi ɗaukata." Na taɓa goshinsa, ba zafi. Duk da haka zuciyata ta tafi kan zazzaɓin cizon sauro, don shi muka saba ɗora wa duk ciwon kai da amai. Da na bi wannan tunani, da na ba shi magani na ce ya koma ya kwanta a wurin da ya fi ko'ina ɗumi, wato ƙarƙashinka. Allah ya sa na ja shi waje don a share aman, kuma cikin 'yan mintuna a iskar waje idonsa ya fara washewa. Wannan ne ya tsorata ni har muka tafi asibiti.

Likitan da ya duba shi bai daɗe yana tambaya ba ya ce, "Hajiya, akwai wuta a ɗakin da ya kwana?" Aka sa masa oksijin. A nan na fara jin sunan kabon monoksaid a matsayin abin da ya shafe ni, ba abin da ake faɗa a rediyo ba in janareta ya hallaka iyali a ɗaki. Iska ce marar launi, marar wari, marar ɗanɗano. Tana fitowa duk lokacin da wuta ke ci ba tare da isasshiyar iska ba, gawayi ne ko kananzir ko fetur ko gas. In ta shiga huhu, jini na kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu, sai ya yi ta zagaya jiki da ita, ƙwaƙwalwa da zuciya na jiran abincinsu ba ya zuwa. Muguntarta ita ce ƙarfin tashi da hankalin gane haɗari su take fara ɗaukewa. Likitan ya ce a iskar waje sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin abin da ke jini ya fita, da oksijin tsantsa kuwa awa ɗaya da 'yan kai. Madara da manja da ake ɗura wa wanda ya sha guba ba su da aiki a nan ko kaɗan. A fitar da mutum waje, a kai shi asibiti, a gaya wa likita cewa da wuta a inda ya kwana.

Yaron ya warke, alhamdu lillahi. 'Yan tsaki muka kwashe gawarsu a bokiti. Waɗanda suka tsira ma ba su tsira duka ba: wajen mako na huɗu da na biyar wasu suka fara kumburin ciki, in an yanka sai ruwa, ciwon da ke kama kajin nama in zuciya da huhu sun wahala tun suna ƙanana.

Kwana biyu bayan haka na kira wani dattijo mai gyaran murhunan gas ya sauko da kai. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gona, ya kwance ka gaɓa gaɓa, ya ce, "Hajiya, zo ki gani." Ragar da ke tace iskar da kake ja ta toshe da ƙura da gashin 'yan tsaki, ta zama kamar an yaɓa mata tuwo. A cikin bututun da gas ke haɗuwa da iska, zanzaro ya yi gininsa na laka a watannin da kake ajiye, ya cinye fiye da rabin hanya. Ƙarƙashin rufinka mai kama da faifai ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya shafa da yatsa ya nuna mini, ya ce wutar gas mai lafiya ba ta barin wannan. Ashe ka daɗe kana faɗa mana ba ka samun numfashi, da harshen da ka iya. Ragar wutarka da ya kamata ta yi ja bai ɗaya ta yi dabbare-dabbare, wani harshen wuta rawaya na leƙowa ta gefe yana lilo, kana ɗan tari in an kunna ka. Mun gani, mun ɗauka halinka ne. Muka zo muka ƙara maka da leda.

Tun daga ranar na zauna na nemi sanin abincinka. Kowane kilo na gas da ka ci yana bukatar iska wajen mita goma sha biyu ko sha uku, a awon tsawo da faɗi da zurfi, kafin ya ƙone sarai. Tukunyar kilo 12.5 da takan kai mu kwana biyu zuwa uku, ke nan sai ta lashe oksijin ɗin da ke cikin ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, uku tsayi, an cika an juye fiye da sau uku. Kuma ba sai iskar ta ƙare ba kake fara fitar da guba. Da ta fara raguwa wutarka ke lalacewa. Ko kana cikin ƙoshin lafiya, kowane kilo na barin kusan kilo uku na iskar kabon dayoksaid, irin wadda mu ma muke fitarwa, da ruwa lita ɗaya da rabi. Tukunya guda, kusan lita ashirin na tururi. Ruwan da na ga yana ɗiga daga kwano a safiyar nan daga bakinka ya fito. Shi ke jiƙa ɓuntun shinkafar da muka shimfiɗa, jiƙaƙƙen ɓuntu da kashin kaji su tayar da warin da ke yaji a ido, daga nan sai mura da gudawa, mu kuma mu yi ta sayen magani muna zagin kamfanin ƙyanƙyasa.

Kamfanonin da suka samar da irin kajin naman da muke kiwo, Cobb da Ross, sun rubuta a littattafansu na kiwo cewa kada kabon monoksaid ya wuce kashi 10 cikin miliyan a ɗakin kaji, kada kabon dayoksaid ya wuce kashi 3,000 cikin miliyan. Kashi goma cikin miliyan! Ba hancin da zai ji wannan, ba idon da zai gan shi. Tsuntsu kuwa ya fi mu saurin kamuwa, saboda saurin numfashinsa da yadda huhunsa ke zuƙe duk abin da ke cikin iska. Shi ya sa a Birtaniya, tun bayan binciken wani masani mai suna John Scott Haldane a shekarun 1890, masu haƙar kwal suka riƙa sauka rami da ƙananan dabbobi, daga baya da kanari a keji, irin wanda yaranmu ke ratayewa a ƙofar shago don kukansa. In kanari ya yi shiru ya faɗo daga kan sanda, sai kowa ya nemi hanyar fita. Ba su daina ba sai a 1986, da na'ura ta karɓi aikin. Ni ina da masu gargaɗi ɗari biyar a ɗaki ɗaya, kuma sun yi gargaɗin, sai dai wanda zai gani barci ya riga ya danne shi.

Ka ga inda matsalar take. Mai kiwo na toshe ɗaki ne don tausayin 'yan tsaki da tausayin aljihu, kuma duka biyun gaskiya ne. Sanyi na kashewa, gas ba araha. Amma abin da ke cutar ɗan tsako shi ne iskar da ke kaɗawa a ƙasa ta buge shi kai tsaye. Wadda ke shigowa ta sama, ta gauraya da ɗumi kafin ta sauko, ita ce rayuwarsa. Don haka yanzu tamfol ɗinmu daga ƙasa yake rufewa, a ɗaure shi tsaf a gindin bango, a bar tazara ta sama a ɓangarori biyu, dare da rana, komai sanyi. In iska ta taso daga gabas sai a rage ta gabas a ƙara ta yamma, amma ba a rufe su duka. Gas ɗin da wannan tazara ke ci mini na lissafa shi cikin kuɗin raino, kamar yadda nake lissafa dusa da allurar rigakafi. Na kuma sayi ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji wannan guba, na kafe ta a bango.

Wancan haɗarin wutarka ne in tana ci. Akwai na biyu, na gas ɗin da bai kai ga wuta ba, kuma halinsu ya sha bamban. Shi wannan yana da wari, amma warin ba nasa ba ne, zuba masa ake yi. A ranar 18 ga Maris 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London da ke jihar Texas ta Amurka, ya fashe, ɗalibai da malamai kusan ɗari uku suka mutu. Bayan wannan ne aka wajabta zuba wa gas sinadari mai wari, don hanci ya zama mai gadi. To amma a ɗakin kaji hanci ya riga ya gaji. Wanda ya wuni cikin warin kashi da magani da jiƙaƙƙen ɓuntu zai iya tsayawa cikin gas bai ji ba. Ga shi kuma gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, wani kashinsa sau ɗaya da rabi, wani sau biyu. In ya zuba ba ya tashi sama ya fita ta tazarar da muka bari. Kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, ya bi kwata, ya cika rami, ya tsaya daidai tsayin ɗan tsako. In ya kai kashi biyu cikin ɗari na iskar wurin, ƙyastawar makunnin fitila ta isa.

Saboda haka tiyo ya zama abin da na fi zuba wa ido. Wanda aka haɗo ni da shi ranar da na saye ka, tiyon ruwa ne, an ɗaure bakinsa da roba. Gas na cin irin wannan daga ciki, rana ta gasa shi daga waje, ɓera kuma, wanda ba gonar kajin da ta rasa shi, ya gwada haƙoransa a kai. Yanzu na gas ne na ainihi, mai rubutu da shekarar ƙira a jikinsa, an matse bakunansa biyu da kilif na ƙarfe, an bi da shi ta sama nesa da zafinka da bakin kaji. In na lanƙwasa shi na ga tsaga ko ƙanƙanuwa ce, ya gama aiki, kuma ko bai tsage ba ba ya wuce shekara biyar a wurina. Duk lokacin da aka sauya tukunya sai an kaɗa ruwan sabulu an shafa a kowace mahaɗa. In kumfa ta taso tana girma, akwai ɓula. Na taɓa ganin mai kiwo, babban mutum, yana neman ɓula da ashana. Na riƙe hannunsa.

Sai regileta. Ba kowane kan tukunya ne naka ba. Na murhun girki an yi shi ne don ƙaramin matsi, ku kuwa wasunku na son matsi mai yawa, wasunku kaɗan, kuma an buga adadin a ɗan faranti a jikin kowannenku. In an ba ka ƙasa da abin da kake so, wutarka ta yi lis, ta mutu cikin dare. In an ba ka sama da shi, gas ya fi ƙarfin iska, mu koma gidan jiya.

Tukunya kuma yanzu a waje take kwana, a tsaye, a inuwa, cikin kejin ƙarfe da iska ke ratsawa, nesa da kwata da bakin rijiya. Abin da ke cikinta ruwa ne, kuma in ya fito yana kumbura sau ɗari biyu da hamsin ko fiye. Shi ya sa ba a cika ta fiye da kashi 80 cikin ɗari, shi ya sa kuma ba a kwantar da ita don a tatse na ƙasa, domin ruwan ne zai biyo tiyo ya zo maka, wuta ta tashi har kwano. Akwai wata jarrabawa ta asubar hunturu da duk mai raino ya sani. Ruwan gas na jan zafi daga jikin tukunya kafin ya zama iska, don haka in kana ja da yawa sai ta yi sanyi, ta yi gumi, wani lokaci har ƙanƙara ta fito mata, wutarka ta yi ƙasa alhali da saura a ciki. 'Yan'uwanmu na Jos, inda sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 10, sun fi mu sanin wannan. A nan ne hannu ke kaiwa ga tafasasshen ruwa, ko a jawo kurfoti kusa da ita. Wannan ba magani ba ne; maganin shi ne babbar tukunya, ko a haɗa biyu su raba nauyin. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta yanka wa tukunya wa'adin shekara 15, da gwaji duk shekara biyar, kuma shekarar ƙira na nan a buge a wuyanta ko a ƙafarta. Na duba nawa, na mayar da biyu. Inda ake yi mini ɗuri ma na sauya, na bar masu juyawa daga tukunya zuwa tukunya a shagon cikin unguwa. Mutanen Kaduna ba su manta da 4 ga Janairu 2020 ba, ranar da shagon gas ya fashe a Sabon Tasha, har Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa a lokacin, yana cikin waɗanda suka rasu.

Maganar rataya gajeriya ce. Sarƙa biyu, kowace da ƙugiyarta, ba igiya ba, ba waya mai roba ba. Tsayinka daga ɓuntu da nisanka daga tamfol da katakon rufi, yadda masu ƙera ka suka ce, ba yadda ido ya ga ya yi ba. Busasshen ɓuntu da ledar labule ba sa ba da lokacin ɗebo ruwa.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba tukuna, kuma shi ya fi yi mini nauyi. A gefen wutarka akwai wani siririn ƙarfe kamar tsinke. Muddin wuta na lasarsa, yana riƙe ƙofar gas a buɗe. In iska ta hure ka, ya huce, cikin daƙiƙu ya rufe ƙofar. Shi ne dalilin da ya sa ake danne maɓalli na ɗan lokaci in ana kunna ka. A zubin da ya gabaci wancan dare ka yi ta mutuwa da kanka, muka gaji da tashi, wani mai gyara ya ɗaure maɓallin da waya, ya ce an huta. Ina tsaye, na biya shi, na yi masa godiya. Da dattijon nan ya ga wayar sai ya yi shiru, ya warware ta, ya miƙo mini, ya ce, "Hajiya, mai gadin ne aka ɗaure." Mutuwar da kake yi alama ce cewa wutarka ta lalace, mai gadin na aikinsa ne. Da a daren nan wutar ta mutu gaba ɗaya, gas zai ci gaba da kwarara a rufaffen ɗaki har asuba, ni kuma in shigo in kai hannu ga makunni. Tsinken nan kuɗinsa bai kai na kaza biyu ba. Wayar tana nan a aljihun jakata har yau.

Ban ɗora maka laifi ba, kuma ban yarda a ce tsautsayi ne kawai a rufe magana ba. An sayar mini da kai a kwali ba takarda. Maƙwabciyata da ta samu takarda, da harshen da ba wanda ya iya a unguwarmu aka rubuta ta. Mai shagon ya iya farashi, bai iya matsi ba. Masu gyara da yawa a kan murhun girki suka koya, in ramin da gas ke fitowa ya toshe sai su sa allura su buɗa, ramin ya faɗaɗa, daga ranar ka koma cin gas fiye da iskar da kake samu. Ina fatan ranar da ƙungiyar masu kiwon kaji da malaman gona za su sa darasinka cikin taron da ake yi mana kan rigakafi da abinci, a buga shi da Hausa, boko da ajami, da zane, a manna a ƙofar kowane ɗakin raino. Domin mai gona ba shi ke kwana da kai ba. Yaro ne ke kwana, ɗan ƙauye da aka ɗauko a kan albashin wata, ko almajiri, ko ɗan ɗan'uwa, wanda aka nuna wa yadda ake kunna ka cikin minti biyu, ba a nuna masa yadda ake gane ka fara ciwo ba. In ya ji ciwon kai ba zai faɗa ba, kada a ce raggo ne. In ya ji sanyi zai matso kusa da kai. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma shi ne ya fi kowa sabawa da kai.

Ɗan wana har yanzu yana tare da ni, shi ne ma ke koya wa sababbi. Na gina musu ɗan ɗaki a gefe, da bargo biyu, ba mai sake kwana a wurinka. Suna shiga duk bayan awa biyu da tocila, su tsuguna daidai tsayin 'yan tsaki su shaƙa, su dubi launin wutarka, su dubi yadda kajin suka zauna. In sun cure a ƙarƙashinka suna kuka, sanyi ne. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun tattaru ɓangare ɗaya, iska ce ke bugunsu ta wani wuri. In sun bazu suna ci suna sha, wasu na barci, sai a ja ƙofa a hankali. Na gaya musu in sun ji warin gas kada su taɓa makunni ko ashana, su rufe tukunya daga waje, su ɗage tamfol tun daga ƙasa, su kira ni. In kuma mutum biyu suka ji ciwon kai lokaci ɗaya, a kashe ka, a buɗe ko'ina, ko da 'yan tsakin za su ji sanyi. Na faɗa musu a gaban juna cewa ba zan cire wa kowa ko kwabo ba a kan kajin da suka mutu ta wannan hanya.

Gobe da hantsi dattijon zai zo. Za a sauko da kai, a wanke ragar iskarka a shanya ta bushe, a hure bututunka a leƙa ko zanzaro ya dawo, a goge rufinka da busasshen burushi. Zai kunna ka a waje tukuna, ya hure wutar da gangan, mu tsaya mu saurari ƙarar rufewar ƙofar gas. Sabon tiyo na nan a leda, sabulu na cikin kofi, na sa wa na'urar bango sabon batir, tukunyar kashe gobara mai hoda na rataye a bakin ƙofa ta waje. Da la'asar za a mayar da kai kan sarƙoƙinka, ka kwana kana ɗumama ɓuntu, don in sun iso ranar Alhamis ƙafafunsu su sauka a kan ɗumi. Tazarar sama na auna ta da kaina ɗazu, tafin hannu guda gabas, guda yamma, na kuma buga ƙusa a wurin don kada tamfol ya wuce ta.

Ni ce,
mai kiwon kaji a bayan garin Zariya.